Ƴan Matan Sihiri: Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi

A cikin silimar zane ta ƙasar Japon, wadda ake kira anime, akwai wani reshe da ya daɗe yana faranta ran yara, wato labarin ƴan mata masu sihiri. An soma shi a talabijin cikin shekara ta 1966 da labarin ƙaramar matsafiya Sally, ya kuma game duniya da Sailor Moon ta Naoko Takeuchi, wadda aka fara nunawa a 1992. Tsarin nasa sananne ne: wata ƴar dabba mai magana ta zo wa ƴar makaranta da baiwa, yarinya ta sake kama, ta yaƙi miyagu tare da ƙawayenta, a ƙarshe kirki da amana su yi rinjaye.

Cikin shekara ta 2011 kamfanin Shaft ya fitar da Puella Magi Madoka Magica, kashi 12, labarin Gen Urobuchi, bisa jagorancin Akiyuki Shinbo. Da farko babu abin da ya bambanta shi da na baya. Ga tufafi masu ado, ga farar dabba mai suna Kyubey tana yi wa ƴan mata tayi: a biya wa yarinya buƙata guda, kowace iri, ita kuwa ta yaƙi mayu. To, a kashi na 3 sai wata mayya ta halaka Mami, babbar da ƙananan ke koyi da ita, a gaban idonsu.

Sannu a hankali sauran asirin ya tonu. Dutsen da ake bai wa kowace yarinya, ashe ranta ne aka zare aka zuba a ciki, jikinta ya zama kango. Idan baƙin ciki ya dusashe dutsen, ita kanta sai ta rikiɗe ta zama mayya. Mayun da suke kashewa ke nan ƴan uwansu ne na jiya. Sayaka ta sayar da ranta domin hannun wani yaro makaɗin goge ya warke. Da ya warke, sai ya bi ƙawarta.

Abin lura shi ne, Kyubey bai ɗauki kansa maƙaryaci ba. Hujjarsa ita ce ba a tambaye shi ba, kuma danginsa na tara ƙarfin da ke fita daga ɓacin ran ƴan matan domin tsawaita kwanan duniya. Nan ne labarin ya taɓo abin da magabatansa ba su cika tsayawa a kai ba: idan aka ce yarinya ta sadaukar da kanta, wa ke cin moriya, wa kuma ya ɓoye mata sharaɗi?

Amma fa kuskure ne a ce labarin ya yi watsi da kirki. Homura ta yi ta maimaita kwanakin nan domin ceton Madoka, ita kuwa Madoka ba ta amsa tayin ba sai da ta san farashinsa duka, sannan ta roƙi a shafe kowace mayya tun kafin ta samu. Sadaukarwar da aka yi ido buɗe ita ce ta karya tarkon.

Saboda haka iyaye su lura, kyan zane ba ya nuna shekarun mai kallo. Wannan labari na matasa ne da manya, waɗanda suka isa su tambayi mai kyauta abin da yake so a mayar masa.