Yaba Kyauta Tukwici: Masu Biya Wa Ɗaliban Kiɗa Karatu Sun Cancanci Godiya

A unguwar Onikan da ke tsibirin Legas akwai wata makaranta da ba kasafai sunanta ke fitowa a labaran ilimi na Arewa ba. Ita ce makarantar koyon kiɗa ta ƙungiyar MUSON, ƙungiyar da wasu dattawa masu sha'awar kiɗa suka kafa a 1983, cikinsu har da fitaccen akantan nan, marigayi Akintola Williams. Tun daga 2006 Gidauniyar MTN take ɗaukar nauyin ɗalibai 30 a kowace shekara domin su yi karatun difloma na shekara biyu a makarantar. Ana biya musu kuɗin makaranta, a saya musu littattafai, a kuma ba su ɗan abin shiga mota. Su kuma ɗaliban sukan shirya wani zama na musamman, su gayyato waɗanda suka ɗauki nauyinsu, su yi musu kiɗan da aka koya musu. Tukwicinsu ke nan.

Wannan jarida na ganin irin wannan tallafi ya cancanci a yaba masa da babbar murya, shi da duk wani irinsa a ko'ina yake. Dalilinmu kuwa ya wuce daɗin sauraron kiɗa a babban zaure. Da yawa daga cikin ɗaruruwan matasan da shirin ya yaye, aji suka koma. Wasu na koyarwa a makarantun firamare da sakandare, wasu na horar da ƙungiyoyin mawaƙa, wasu kuma na bin yara gida-gida suna koya musu fiyano ko gogen Turawa. Wanda ya biya wa matashi ɗaya karatun shekara biyu, idan matashin ya zama malami, to ya biya wa duk yaran da za su zauna a gabansa na shekara ashirin ko talatin masu zuwa. Ba kowace kyauta ce take haihuwa haka ba.

Sai wanda ya san tsadar wannan karatu zai gane girman taimakon. Malamin tarihi zai iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari da alli guda ya gama darasinsa. Malamin kiɗa kuwa dole ya zauna da ɗalibi ɗaya, ya gyara masa riƙon yatsa, ya saurari numfashinsa idan busa yake yi, su maimaita wuri ɗaya har sai hannu ya saba. Kayan aikin kuma yawancinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira dubu 70 ne, alhali fiyano mai ɗan dama-dama da ɗalibi zai yi atisaye da shi ya fi wannan kuɗi nesa ba kusa ba. Ga kuma iyaye, waɗanda da wuya su sayar da gona ko akuya saboda yaro ya ce kiɗa zai karanta, kamar yadda za su yi idan likitanci ya ambata. Ɗalibin kiɗa daga gidan talaka, in babu wani da ya tsaya masa daga waje, yawanci a shekarar farko yake ajiyewa.

Wani zai ce ai yanzu akwai asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Gaskiya ne, kuma ya rage wa iyalai da yawa nauyi. Amma bashi sunansa bashi. Shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashin mai aiki. Matashin da ya san albashin malamin firamare ne ke jiransa zai yi lissafi sau biyu kafin ya ci bashi domin ya karanta koyar da kiɗa. Tallafin da ba a biya shi ne yake ba shi damar zaɓar aji ba tare da fargaba ba.

Ga mai karatu da yake ganin wannan duk labarin Legas ne, bai shafe mu ba, bari mu tuna masa da mutumin da ya sani sarai, marigayi Malam Maman Barka na Jamhuriyar Nijar. Kafin duniya ta san shi da gurmi da waƙoƙinsa na Hausa, malamin makaranta ne, ɗan Tubawa daga yankin Tesker. A 2002 hukumar UNESCO ta ba shi tallafin karatu domin ya je gaɓar Tafkin Chadi ya koyi kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, na masuntan Buduma. A lokacin, wani dattijo mai suna Bukar Tar ne aka sani a matsayin gwani na ƙarshe da ya rage a kan wannan kiɗa. Malam Barka, da sunansa da shahararsa, ya durƙusa gaban tsohon a matsayin almajiri har ya koya. Bayan rasuwar Bukar Tar, shi ya ɗauki biram ya kai shi manyan bukukuwan kiɗa a Turai, faifan da aka naɗa da shi kuma ya fito a 2009. Duk wanda yake iya jin sautin biram a wayarsa yau, to bashin godiya na kansa ga waɗanda suka sa hannu a wancan tallafi, mutanen da galibinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba.

Abin lura shi ne wanda aka zaɓa. Malami aka tura, mutumin da ya iya sauraro, ya iya tsara abin da ya ji, kuma yake da alaƙa da Cibiyar Koyar da Kiɗa ta Elhadj Taya da ke Yamai, inda ake horar da matasa. Sai dai shi ma Malam Barka ya koma ga Mahaliccinsa a watan Nuwamban 2018. Ilimin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya kullum yana bakin rami, ko da mutumin gwani ne. Da a ce irin wannan tallafi ɗalibai goma ake ba shi a kowace shekara, da rasuwar gwani ɗaya ba za ta riƙa tayar da hankali haka ba.

Wannan damuwa ce ta dawo da mu gida. Ƙasar Hausa ba ta taɓa talaucin makaɗa ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi kotso, Jankiɗi ya yi taushi, Shata ya yi kalangu har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntigi, Barmani Choge ta riƙe ƙwarya har ƙarshen rayuwarta a 2013. Dukkansu ta hanyar gado ko barantaka ko naci suka koya, kuma wannan hanya ce take tsinkewa. Ɗan makaɗi yanzu makarantar boko yake zuwa, ko ya kama acaba, kuma babu mai ganin laifinsa. Jami'o'inmu sun yi ƙoƙari matuƙa wajen adana waƙoƙin. Aikin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da takwarorinsa suka yi na tattara waƙoƙin baka da tarihin makaɗa abin a jinjina ne. Amma baitin waƙa ake rubutawa a littafi. Yadda ake matsa kalangu a hammata har ya yi magana, ko yadda mai algaita ke busa ba tare da yanke numfashi ba, wannan sai hannu da hannu, sai malami da ɗalibi.

A watan Disambar 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, muka yi ta murna. To a cire kakaki da algaita da tambura daga hawan, a ga abin da zai rage. Su wa ake horarwa yanzu da za su riƙe waɗannan kayan nan da shekara talatin, kuma wa ke biyan kuɗin horon?

A takarda, babu yaron da ya kamata ya gama ƙaramar sakandare bai taɓa darasin kiɗa ba. Manhajar ilimin bai-ɗaya da hukumar NERDC ta tsara ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasaha. A aikace kuwa, a makarantun gwamnati da yawa duk malamin da ke da sararin lokaci shi ake miƙa wa darasin. Sai ya rubuta ma'anar kiɗa a allo, yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, ba tare da sun taɓa riƙe ko da sarewa ba. Malamin bai yi laifi ba, abin da ba a koya masa ba aka ce ya koyar. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, kuma har yau yawancin wuraren da ake horar da malaman wannan fanni a Kudu suke. Ko shirin MUSON da muke yabo, sai mai nema ya ci gwajin rubutu da na kaɗawa kafin a ɗauke shi, wato sai wanda ya riga ya samu malami tun yana ƙarami. Yaron da ya tashi a Gusau ko Azare, komai baiwarsa, ƙofar a rufe take gare shi tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ba laifin masu ba da tallafin ba ne. Mu ne ba mu gina matakalar da za ta kai shi bakin ƙofar ba.

Mun san akwai masu karatunmu da batun kiɗa gaba ɗaya bai kwanta musu a rai ba saboda dalilai na addini, kuma malamai sun daɗe da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa. Ba aikin jarida ba ne ta yanke wannan hukunci, kuma bai kamata a tilasta wa ɗan kowa abin da iyayensa ba su aminta da shi ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne, koyarwa ta hanyar rera waƙa tsohon abu ne a wurinmu. Nana Asma'u ta ilimantar da mata ta hanyar waƙoƙin da jajis ɗinta ke ɗauka ƙauye-ƙauye, kuma har gobe makarantun Islamiyya da waƙa suke cusa wa yara darussa. Sannan ko mun so ko mun ƙi, matasanmu na cikin ɗakunan naɗar waƙa a Kano da Kaduna da Jos dare da rana, suna koyon fiyano ta hanyar kallon na gaba da su. Tunda kiɗan ana yin sa, gara a samu malamai masu tarbiyya da suka san fannin, waɗanda za su iya nuna wa yaro bambancin aikin gwani da hayaniya.

To mene ne tukwicin da ya dace da wannan kyauta? Daga ɓangaren ɗaliban da aka tallafa wa, zaman kiɗan godiya abu ne mai kyau, amma a ra'ayinmu tukwici na gaske shi ne kowannensu ya ba da wasu shekaru yana koyarwa a inda ake da buƙata, har da makarantun gwamnati da ba sa iya biyan abin da makarantun kuɗi na Lekki ke biya. Masu ba da tallafin za su iya sauƙaƙa wannan idan suka ware wani kaso na kuɗin domin cika wa irin wannan malami albashi da saya wa makarantarsa kayan aiki, domin malamin kiɗa da babu abin kaɗawa a ajinsa allo kawai zai koma cikawa kamar wanda ya gada.

Nauyin da ya fi girma kuwa yana kan gwamnatocin jihohi. Babu amfanin a horar da malami idan hukumar ɗaukar malamai ba ta da gurbinsa. A watan Oktoban 2021, a bikin ranar malamai ta duniya, Gwamnatin Tarayya ta sanar da alawus na Naira dubu 75 a kowane zangon karatu ga masu karanta fannin koyarwa a jami'o'in gwamnati, da dubu 50 ga ɗaliban NCE. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta fito da alƙaluma a fili, ɗalibai nawa suka karɓa, a waɗanne fannoni, a waɗanne jihohi. Hukumomin tallafin karatu na jihohin Arewa, da suka saba tura ɗalibai ƙasashen waje karatun likitanci da injiniyanci, ba za su talauce ba idan kowace ta ware gurbi biyar kacal a shekara ga masu son koyar da kiɗa.

Attajiranmu da masarautunmu ma suna da abin yi, kuma bai kai tsadar da ake zato ba. Zaurukan MUSON biyu sunayen kamfanonin da suka taimaka wajen gina su suke ɗauke da su, Shell da Agip, kuma duk wanda ya shiga sai ya ambaci sunan. Mu da muka saba yi wa makaɗi kyautar doki da riga da mota saboda waƙa ɗaya, ba sabon abu ba ne a wurinmu mu kashe kuɗi a kan kiɗa. Abin da ya rage shi ne a karkatar da kaɗan daga wannan kyauta zuwa ga mai koyo. A samu kwalejin ilimi ɗaya a Arewa maso Yamma, a ɗauki tsofaffin masu kotso da kukuma da algaita da suka rage a matsayin malamai masu albashi, a haɗa su da ɗaliban NCE da aka biya wa karatu, waɗanda za su koyi kaɗawa su kuma koyi rubuta abin da suka kaɗa. Yawancin waɗannan dattawa sun manyanta, don haka idan za a yi, a kasafin kuɗin shekara mai zuwa ya kamata a gan shi.