RA'AYINMU: Ikon Addu'a Ba Daga Dutse Yake Ba

Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Tun daga nesa matafiyi yake hango shi. A zamanin dā mutane sun ɗauke shi mazaunin iskoki, suna kai masa gaisuwa. Mun ambaci wannan ne domin wani tunani mai kama da shi yana shigowa ikkilisiya ta bayan gida.

Al'adar hawan dutse domin kwanan addu'a ta yaɗu a majami'u da yawa na Nijeriya, har ta fara jan hankalin waɗansu 'yan'uwa a yankinmu, musamman mata da matasa. Ana gaya musu cewa addu'ar kan dutse ta fi saurin karɓuwa. Shin haka Littafi Mai Tsarki ya koyar?

Gaskiya ne Allah ya yi manyan ayyuka a kan duwatsu. A ƙasar Moriya ya gwada Ibrahim, ya tanadi rago a madadin Ishaku. A Dutsen Sina'i Musa ya yi kwana 40, ya karɓi Dokoki Goma. A Dutsen Karmel Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko. Dutse alama ce ta girman Allah da amincinsa wanda ba ya gusawa.

Amma mu lura. Duk waɗannan bayin Allah, kiransa suka bi, kuma ba wanda ya tare a can. Musa ya sauko wurin jama'a masu taurin kai. Sa'ad da kamannin Yesu ya sāke a kan dutse (Matiyu 17), Bitrus ya so ya kafa bukkoki 3, amma Ubangiji ya sauko da su, suka tarar da uba yana roƙo domin ɗansa mai farfaɗiya. Aikin yana ƙasa, cikin mutane.

Har ila yau, a kan tuddai Isra'ilawa suka riƙa bauta wa gumaka, har Sarki Yosiya ya rurrushe wuraren (2 Sarakuna 23). Shaiɗan ma kan dutse mai tsawo ya kai Yesu domin ya jarabce shi. A Yohanna 4 kuwa Ubangiji ya raba gardama: ya nuna wa Basamariya cewa Uba ba ya duba ko Gerizim ko Urushalima, zuciyar mai sujada yake dubawa.

'Yan'uwa, zancen nan ya shafi rai. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da Damba, suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunansu. In an iya yin haka cikin gari, ina ga bayan gari da tsakar dare? Kai mata da yara jeji da sunan bangaskiya gwada Allah ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna kira ga fastoci, dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa: a yi taron addu'a a majami'a ko a gidaje, a tashi da sauran haske. A koya wa jama'a cewa gwauruwar da ta durƙusa a ɗakinta a Damba, Allah yana jin ta sarai. Kuɗin motar zuwa dutse kuwa, a sayi hatsi da shi a kai wa waɗanda suka gudo daga ƙauyuka.

Almasihu shi ne Dutsenmu. Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.