Akwatin Wuta A Sabon Gida: A Zaɓa Masa Wuri Tun Daga Tushe

Duk wanda ya ratsa Anka, Gummi da Bukkuyum zai ga sababbin gidajen bulo suna tasowa, musamman a Gummi, inda ambaliyar watan Agustan 2024 ta rushe gidaje masu yawa, ta tilasta wa jama'a sake gini. Abin da ke damuna shi ne, maigida kan zauna da magini su tsara ƙofa da taga, har da inda za a haƙa masai, amma akwatin rarraba wutar lantarki sai an gama shafe ake tunawa da shi, a bar mai wayarin ya kafa shi duk inda waya ta fi gajarta. Sau da yawa wurin nan shi ne bangon kicin, bisa firiza ko gefen tukunyar gas.

Haɗarin a fili yake. Makunnan da ke cikin akwatin kan yi tartsatsi yayin da suke yanke wuta, kuma gas ɗin girki da ya tsiyaye a rufaffen ɗaki tartsatsi guda yake jira. Tururin girki da maiƙo kan sa mahaɗar wayoyi ta yi tsatsa, ta ɗauki zafi. Firiza kuwa zafi take fitarwa ta baya, a ƙasar da zafin Afrilu kan haura maki 40, ga shi tana tare hanya, ta yadda ranar da gobara ta tashi sai an ture ta kafin a kashe wuta. Haka batiran sola masu ruwa, waɗanda kan fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, bai dace a jera su ƙarƙashin akwatin ba.

Dokar wayarin ta Amurka ta hana kafa akwatin a banɗakin gida ko wurin ajiye tufafi, ta kuma wajabta barin fili na kusan mita 1 a gabansa. Ni a ganina babu abin da zai hana mu bin wannan. A kafa shi a busasshen wuri kusa da ƙofar shiga, inda uwargida za ta kai hannu cikin duhu amma yaro ba zai kai ba, kuma sama da inda ruwan ambaliya ya taɓa kaiwa.

Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA domin duba aikin wayarin da tantance masu yin sa. Ina kira gare ta da ta kai jami'anta waɗannan ƙananan hukumomi, kada aikin ya tsaya a manyan birane. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Zamfara, kada ya jona wa sabon gida wuta sai ya ga takardar shaidar dubawa. Masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum su ma su sa masu unguwanni su faɗakar da masu gini.

Mu ma'aikata da muke aika kuɗin gini gida daga Gusau, Kaduna ko Abuja, nauyin farko a kanmu yake. Kuɗin ƙarin waya mita 10 bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba. Kafin a aza bulon farko, mu nemi a nuna mana a zane inda akwatin zai zauna. Allah Ya tsare mu da gobara, amin.