Ana Barin Jaki Ana Dukan Taiki: Gardamar Dattawa Da Matasa A Amurka

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin Amurkawa, wadda ake yin ta a gidaje da wuraren aiki da dandalin siyasa. Dattawan da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wato tsakanin 1946 da 1964, suna bugun ƙirji cewa su da guminsu suka yi karatu, suka sayi gidaje, suka tara abin da suka tara, matasan yau kuwa ragwanci ne da son jiki ya hana su cin gaba. Su kuma matasan suna mayar da martani cewa dattawan ne suka cinye tuwon, suka lashe tukunyar, sannan suka bar musu bashi. Da zarar gardamar ta yi nisa sai ta gangaro kan gwamnati. Wasu su ce ta cika girma da shisshigi, a rage mata ƙarfi kowa ya yi ta kansa, wasu su ce a'a, sakacinta ne ya jefa talaka cikin halin da yake ciki.

Da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa suna jin wannan cacar baki ta wayoyinsu, har wani ya zaɓi ɓangare ya kama yi musu gardamar a majalisar mai shayi, alhali bai san inda aka faro ba. To, ya kamata kafin mutum ya ɗauki gefe ya san yadda aka haihu a ragaya.

Ƙorafin matasan dai ba shaci-faɗi ba ne. Wani bincike da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa cikin Amurkawan da aka haifa a 1940, kusan kashi 90 cikin ɗari sun girma sun fi iyayensu samu. Waɗanda aka haifa a shekarun 1980 kuwa, rabi ne kawai suka dace da haka. Shin a cikin shekaru 40 ne ragwanci ya sauka wa rabin al'umma kamar annoba? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ɗan'uwa mai karatu ya koma baya kaɗan ya ga gidan da waɗannan dattawa suka buɗe ido a cikinsa. An gama yaƙi a 1945 Turai da Japan suna kwance cikin toka, masana'antun Amurka kuwa ko ƙwarzane ba su samu ba, har ta kai kusan rabin kayan masana'antu na duniya a can ake ƙera su. Tun kafin a ajiye makamai, a watan Yuni na 1944, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata doka ta sallamar sojojin da za su dawo daga fagen daga. Dokar ta biya musu kuɗin makaranta, ta ba su na kashewa, ta kuma tsaya musu su ci bashin sayen gida ba tare da sun ajiye ko sisi na kafin alƙalami ba. Kimanin mutum miliyan 7.8 ne suka yi karatu ko koyon sana'a a ƙarƙashinta, miliyan 2.2 daga cikinsu a manyan makarantu. Ɗan manomi da ɗan leburan da a danginsu ba a taɓa taka ƙofar jami'a ba suka wayi gari injiniyoyi da likitoci, kuma baitulmali ne ya biya.

Haka batun gidaje. Tun a 1934 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar da ke tsaya wa masu cin bashin gida, ta yadda banki ba ya fargabar asara, mai saye kuma ya riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. A wata unguwa da ake kira Levittown kusa da birnin Niyok, an gina gidaje sama da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ana sayar da gida a kan abin da bai kai dala 8,000 ba. A 1956 Shugaba Eisenhower, wanda ɗan jam'iyyar Rifablikan ne, ya sa hannu a dokar shimfiɗa manyan tituna masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Jami'ar birnin Niyok kyauta take karantar da ɗalibanta har zuwa 1976. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata suna cikin ƙungiyoyin ƙwadago a shekarun 1950, abin da ya sa mai aiki a masana'antar mota yake iya riƙe iyali da albashi guda. Harajin da aka yanka wa kuɗin shiga mafi tsoka a lokacin ya kai kashi 91 cikin ɗari, duk da cewa attajirai suna da hanyoyin zillewa, kaɗan ne suke biyan hakan cif.

Babu mai musun cewa mutanen nan sun yi aiki, kuma sun sha tasu wahalar. Su ne aka kwasa da ƙarfin doka zuwa yaƙin Biyetnam inda Amurkawa sama da 58,000 suka halaka, su ne kuma suka ga kuɗin ruwan bashin gida ya haura kashi 18 cikin ɗari a 1981. Amma wanda ya ce gumi kaɗai ya kai shi inda yake, ya manta da wanda ya share masa gonar, ya ba shi iri, ya kuma ara masa garma.

Sai dai a nan ne gizo yake saƙar, domin wannan gata ba kowa aka yi wa ba. Dokar fansho ta 1935 ta cire ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje, waɗanda su ne sana'o'in mafi yawan baƙaƙen fata a kudancin ƙasar. Dokar sojojin nan ta 1944 kuwa, 'yan majalisa daga kudu irin su John Rankin na jihar Misisifi sun tsaya kai da fata sai da aka bar aiwatar da ita a hannun jami'an jihohi da bankunan gari, waɗanda fararen fata ne. Abin da ya biyo baya? A 1947 an ƙidaya basussuka 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a garuruwan Misisifi, sai aka tarar guda 2 kacal suka je hannun baƙaƙe. Mutum ya je ya sa ƙirjinsa gaban harsashin Hitila, ya dawo gida banki ya nuna masa ƙofa! A Levittown ma an rubuta ɓaro-ɓaro a takardun gidajen cewa wanda ba farar fata ba ba zai zauna ba. Hukumomin gwamnati da kansu suka zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da ba da bashi yake da haɗari. Sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje, lokacin na gaba ya riga ya yi gaba.

Gida kuwa shi ne babban abin da talakan Amurka yake bar wa 'ya'yansa gado. Don haka ba abin mamaki ba ne da ƙididdigar Babban Bankin ƙasar ta 2022 ta nuna matsakaicin iyalin farar fata yana da dukiyar kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuma kimanin dala 45,000. Ke nan ko a cikin dattawan akwai 'yan mowa akwai 'yan bora, kuma matashin da yake yi musu kuɗin goro yana zaginsu gaba ɗaya ya zalunci tsohuwar da ta ƙare rayuwarta tana wanke-wanke a gidajen mutane.

To yaushe aka fara naɗe tabarmar? A ranar da aka rantsar da Ronald Reagan cikin Janairun 1981 ya shaida wa jama'a cewa a halin da ake ciki gwamnati ba ita ce maganin matsalar ba, ita ce matsalar. Cikin watan Agusta na shekarar ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda yajin aiki, kamfanoni kuma suka gane karatun. Harajin manyan masu kuɗi ya sauko daga kashi 70 zuwa 28 kafin ya bar mulki. Kada kuma wani ya ɗauka aikin jam'iyya ɗaya ne, domin Bill Clinton na Dimokurat ne ya tsaya gaban majalisa a 1996 ya ce zamanin babbar gwamnati ya wuce, a shekarar ya tsuke tallafin marasa galihu, a 1999 kuma ya sa hannu aka warware dabaibayin da aka yi wa bankuna tun 1933. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wannan karatu na janye hannun gwamnati daga talaka shi ne Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka yi tallarsa zuwa ƙasashen Afirka, wanda iyayen mai karatu suka ɗanɗana kuɗarsa a Nijeriya daga 1986 da sunan SAP.

Abin lura shi ne, gwamnatin da aka ce za a rage wa ƙarfi ba ta rame ba ko kaɗan. A zamanin Reagan ɗin bashin ƙasa ya kusa ninkawa uku, kuɗin makamai suka yi tashin gwauron zabo. Fursunoni da suke kimanin 500,000 a 1980 sun haura miliyan 2 kafin 2008. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, cikin makonni shida majalisa ta ba hukumomin leƙen asiri ƙarin iko, har sai da Edward Snowden ya tona a 2013 cewa ana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa a asirce. A 2023 ƙasar ta kashe sama da dala biliyan 800 kan harkar soja. Ashe dai hannun da yake miƙa littafi da makullin gida aka karya, aka bar mai riƙe kulki yana ƙara ƙiba.

Ko shi ma mai miƙawar bai mutu ba, ya dai sauya alƙibla ne. Da bankuna suka yi caca da basussukan gidaje suka faɗi a 2008, cikin makonni majalisa ta ware dala biliyan 700 don ceto su, Bush ya sa hannu, Obama ya ɗora daga inda ya tsaya. Kamfanin inshora na AIG, wanda aka ceto da kimanin dala biliyan 180, bai ji kunyar raba wa manyan ma'aikatansa tukuicin dala miliyan 165 a Maris na 2009 ba. Gaskiya ne manyan bankunan sun mayar da kuɗin daga baya, amma miliyoyin iyalan da aka fitar daga gidajensu ba a mayar musu da gidajen ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hatta Elon Musk, wanda a 2025 ya jagoranci aikin zaftare ma'aikatun gwamnati a ƙarƙashin Trump, kamfaninsa na Tesla ya tsaya da ƙafafunsa ne da taimakon rancen dala miliyan 465 da gwamnati ta ba shi a 2010.

Matashi kuma fa? An ce masa ya je jami'a, ita ce hanyar fita. Ya je ya tarar jihohi sun rage abin da suke zubawa, kuɗin makaranta ya ninninka, sai bashi. Amurkawa sama da miliyan 40 ne suke ɗauke da bashin karatu na gwamnatin tarayya, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6, kuɗin ruwa yana hawa kansa ba dare ba rana. Attajiri idan kasuwa ta juya masa baya yana iya zuwa kotu ya ayyana karayar arziki a sassauta masa, kamar yadda kamfanonin Donald Trump suka yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bashin karatu kuwa dokokin 1998 da 2005 sun kusa toshe masa wannan ƙofa ƙurmus, kuma Joe Biden yana cikin sanatocin da suka goyi bayan ta 2005. Da ya zama shugaba ya nemi yafe wa kowane mai ƙaramin ƙarfi dala 10,000 zuwa 20,000, sai Kotun Ƙoli ta soke shirin a Yunin 2023, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Masu adawa da yafiyar suna da hujjar da ba za a raina ba, wato don me direban babbar mota da bai je jami'a ba zai biya wa lauya bashinsa? Amma ina wannan hujja ta shiga lokacin annobar korona, da aka ba kamfanoni rancen kusan dala biliyan 800 aka kuma yafe fiye da kashi 90 cikin ɗari ba tare da wani ya yi musu wa'azin gumi ba?

Su ma matasan akwai inda suka ɓata. Sukan kafa hujja da cewa Clinton da Bush ƙarami da Trump duk a 1946 aka haife su, Biden ma ya girme su, don haka wai da tsofaffi sun kauce komai ya gyaru. Alhali kuwa ɗan siyasar da ya fi kowa ɗaga murya a kan karatu kyauta da lafiya ga kowa, wato Bernie Sanders, haifaffen 1941 ne, yayin da wasu daga cikin attajiran da suka fi kowa zuba kuɗi don a rage haraji ba su kai shekara 60 ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2010 cewa kamfanoni na iya kashe ko nawa suka ga dama wajen tallar siyasa, mai kuɗi ne ake saurare, ko da furfura ko babu. Ga shi kuma ranar zaɓe dattawa sukan fito fiye da matasa nesa ba kusa ba, 'yan siyasa kuwa sun iya ƙidaya.

Yayin da uba da ɗa suke ta nuna wa juna yatsa a kan wa ya fi wani ƙwazo, ƙungiyoyin ƙwadago sun zube zuwa kimanin kashi 10 cikin ɗari na ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi na tarayya kuwa an tsayar da shi a dala 7.25 a awa tun Yulin 2009. Jihohi da dama sun ɗaga nasu, amma kimanin 20 ba su motsa ba. Jaririn da aka raɗa wa suna a watan da aka yi wannan ƙarin ya cika shekara 16 a 2025, ya isa neman aiki a shagon sayar da abinci, kuma a waɗancan jihohi doka ta yarda a biya shi abin da aka biya ubansa a ranar sunansa.