Idan Shahararren Mawaƙi Ya Rasu, Me Ya Hau Kan Gidajen Rediyo?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ranar Litinin 5 ga Disamba 2022 Allah Ya karɓi ran Hajiya Hamsu Garba a Yamai. Haifaffiyar Maraɗi ce, kuma da wuya a sami gida a ƙasar nan da muryarta ba ta taɓa shiga ba. Allah Ya gafarta mata, Ya ba iyalinta haƙurin rashi.

A cikin makon, wani ɗalibina da ke aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa ya tsaya bayan karatun magariba, ya ce: "Malam, idan irin wannan labari ya zo ina bakin aiki, me zan sa? In na sa waƙoƙin mamaci, a ce na mai da mutuwa biki. In na yi shiru, a ce mun wulaƙanta ɗan ƙasa." Tambayar tana da nauyi, kuma za ta sake dawowa. Shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a fili, don masu gidajen rediyo da mu masu sauraro.

Gidan rediyo shi ne sanƙiran wannan zamani

A da, idan wani babba ya rasu, sanƙira ko mai shela ne ke zaga gari. Yau gidan rediyo ya gaji wannan aiki, kuma hukuncin aikin bai canza ba. Sanar da mutuwa shi ne malamai ke kira na'ayi. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu, ya fita da su suka yi masa salla. An kuma ruwaito hani a kan na'ayi daga Huzaifa cikin Tirmizi. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya daidaita ruwayoyin, kamar yadda Ibnu Hajar ya kawo cikin Fathul Bari. A wurinsa sanar da dangi da abokai da mutanen kirki sunna ce, tara jama'a don alfahari makaruhi ne, shela da kururuwa kuwa haramun ce.

Wannan rabon ya ishi shugaban gidan rediyo ma'auni. Faɗin wanda ya rasu, da lokacin jana'iza, da masallaci ko maƙabartar da za a taru, aikin lada ne ko da mamacin makaɗi ne, domin Musulmi ne mai haƙƙin salla a kanmu. Amma maimaita labarin kowane minti biyar, ana ɗora kiɗan tausayi a ƙasa don a sa mutane kuka, ya fi kusa da kashi na uku.

A tabbatar kafin a faɗa

Kafin shela akwai bincike. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari don kada mu cuci mutane cikin rashin sani. A 1989 kafafen watsa labarai a Najeriya sun bayar da labarin rasuwar Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasar na farko, har aka fara ta'aziyya, alhali yana raye, bai rasu ba sai 1996. Wannan tun babu WhatsApp ke nan. Yau kuwa hoto ɗaya da kalmomi uku sun isa a kashe mutum da baki.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada ma'aikaci ya buɗe makirfo sai ya ji daga bakin wani babba cikin iyalin, kuma ya tambaye shi ko makusanta sun riga sun sani. Mawaƙi yana da 'ya'ya a makarantun kwana, yana da uwa tsohuwa a ƙauye wadda rediyo ne abokin hirarta. Bai kamata ta ji mutuwar ɗanta tsakanin tallar magi da gaishe-gaishe ba. Jinkirin rabin awa ba ya rage wa gidan rediyo komai.

Abin da aka yi a Mali da Masar

Ƙasashe biyu na Musulmi sun bi hanya biyu. Lokacin da Ali Farka Ture ya rasu a Bamako ranar 7 ga Maris 2006, gidajen rediyon Mali sun dakatar da shirye-shiryensu suka shiga sa waƙoƙinsa. A Masar kuwa, da Ummu Kulsum ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975, rediyon Alƙahira, wanda shekara da shekaru yake watsa wasanta kowace Alhamis ta farkon wata, karatun Alƙur'ani ya sa, girmamawar da aka saba yi wa shugabannin ƙasa. Da na je karatu can bayan shekaru, na tarar mutane suna ba da labarin jana'izarta, yadda jama'a suka karɓe gawar suka kai ta masallacin Husaini. Ban ji wanda ya ce an rage mata daraja don an sa karatu a ranar ba. Waƙoƙin nata kuwa har yau ana sa su.

Waƙa ko shiru?

Saɓanin malamai a kan kiɗa sananne ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da ganga mai fuska ɗaya a biki, Ibnu Hazmi ya halatta, Gazali ya yi rabe-rabe cikin Ihya'u. Ni ina tare da mafi yawa, amma shawarar da zan bayar ba ta rataya a kan wannan saɓanin ba. Ko wanda ya halatta kiɗa bai ce yana amfanar mamaci ba. Abin da ya zo cikin Sahihu Muslim yana bin mutum bayan mutuwa shi ne sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mutumin da ake yi wa wanka ya fi bukatar mutum dubu su ce Allah Ya jiƙansa a kan mutum dubu su yi rawa da muryarsa.

Don haka abin da nake gani shi ne: daga sanarwa har a rufe shi, a tsayar da waƙoƙinsa, a ba da labari da tarihinsa a taƙaice, a sa karatu, a roƙa masa gafara. Cikin kwana uku na zaman makoki, a buɗe fili ga ta'aziyya. Bayan haka gidan da tsarinsa ya ƙunshi kiɗa, in zai yi shiri a kansa, ya yi shi da natsuwa da zaɓe.

Zaɓen nan shi ne wurin da ake yawan tuntuɓe. Mawaƙanmu ba abu ɗaya suka rera ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙoƙin kira ga noma da neman na kai, yana kuma da zambo, kuma waɗanda ya yi wa zambon suna da 'ya'ya da jikoki a raye. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi wa talakawa da ƙananan ma'aikata waƙa, irin su karen mota. Ita ma Hajiya Hamsu ta shiga siyasa, har an tsare ta 'yan kwanaki a 2016, a kakar zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya ɗauko waƙar zambo ko ta jam'iyya ya sa a ranar rasuwa ya tayar da tsohuwar gaba, ya kuma jawo wa mamaci zagi daga bakin da da addu'a zai yi masa. Waƙar batsa kuwa babu ranar da ta dace da ita, balle wannan.

Kashedi ga masu wa'azi da masu bugo waya

Mu ma malamai muna da namu laifin. Sau da yawa na ji mai wa'azi ya hau rediyo tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, yana yanke wa mawaƙi hukuncin lahira. Hadisin Nana A'isha cikin Bukhari ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. A cikin Bukhari ɗin dai akwai labarin sahabin da aka sha yi wa bulala saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. Wane ne a cikinmu ya san tubar da mutum ya yi a gadon jinya? Mai son bayyana hukuncin kiɗa yana da sauran ranakun shekara, ya yi ba tare da kama sunan gawa ba.

Ɗaya gefen ma haka. Lokacin da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta shaide shi da cewa Allah Ya girmama shi, Annabi (SAW) ya tambaye ta ta yaya ta sani. To, mai gabatar da shiri da ke cewa wane ya riga ya shiga Aljanna ya faɗi abin da ba a ba shi saninsa ba. Fata ake yi da addu'a. Layin waya kuwa kada a sake shi babu mai tacewa, domin kalmar da ta fita a iska ba ta komawa, kuma iyalin mamaci suna saurare.

Haƙƙin magada

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Ranar da babban mawaƙi ya rasu masu sauraro suna ƙaruwa, talla ma tana ƙaruwa. Ana sa faya-fayansa dare da rana, kuɗi na shiga, matarsa tana takaba wata huɗu da kwana goma, wataƙila ba a biya kuɗin asibiti ba. A ƙasar nan akwai hukumar kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa, BNDA, wadda doka ta ɗora wa karɓar irin waɗannan kuɗi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira abu ne da shari'a ke karewa. Mai ganin kiɗa haramun ne sai ya bar sawa. Amma wanda ya sa, ya karɓi kuɗin talla, ba shi da hujjar hana marayu rabonsu.

Annabi (SAW) ya taɓa dakatawa daga yi wa wani salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Gidan rediyon da ya kira masu bin mamaci bashi su je wurin iyalinsa, ya kuma nemi masoyansa su taimaka a sauke, ya yi masa abin da sa waƙarsa ta kwana bakwai ba za ta yi masa ba.

Idan mawaƙin ba Musulmi ba ne, a ba da labarinsa da mutunci, a yi wa iyalinsa jaje. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude.

Shawarata ga masu gidajen rediyo ita ce su zauna tun yanzu su rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda ɗaya, su liƙa a ɗakin watsa shiri, don kada a bar yaro shi kaɗai da ƙarfe biyun dare yana yanke shawarar da ta fi ƙarfinsa. Mu kuma masu sauraro, idan labarin ya iso mu, mu fara da addu'a kafin sharhi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani.