Furfure da Amana: Hukuncin Ɗan Zariya a Toronto

A ranar 18 ga Yuli, 2018, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors da ke Kanada ta miƙa tauraronta DeMar DeRozan ga San Antonio Spurs, ta haɗa da Jakob Poeltl da damar zaɓen sabon ɗan wasa guda, ta karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Wanda ya yanke hukuncin shi ne shugaban ƙungiyar, Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando a hannun koci Oliver Johnson. Wata goma sha ɗaya bayan haka Toronto ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta, sai mutane da yawa suka ɗauka kofin ya kashe gardama. A ganina bai kashe ta ba. Ujiri ya yi daidai da ya rabu da DeRozan, amma ba kofin ne ya tabbatar da haka ba, kuma akwai wurin da ya gaza wanda kofi goma ba zai rufe ba.

Ya kamata a fara da kalma, tun da ita ce sana'armu. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba cewa "an sayar da ɗan wasa", domin daga ƙwallon ƙafa muka koyi zancen. A can kuɗi ake biya, kuma ciniki ba ya faɗawa sai ɗan wasa ya yarda da sabon albashinsa. Lokacin da Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo a 2010, da amincewarsa ya tafi. A gasar NBA lamarin daban ne. Akwai ƙa'idar da ta iyakance albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don haka kwantiragi ake musanyawa da kwantiragi, kuma in ban da 'yan ƙalilan da suka sa sharaɗi a takardunsu, ba a neman yardar mai wasan. Sai dai ya wayi gari a ce masa ya haɗa kayansa. Kalmar da ta fi dacewa da wannan ita ce tsohuwar kalmar nan furfure, irin wanda ake yi da nono da hatsi tsakanin rugage da ƙauyukan fadamar Haɗeja. Kalmar ba ta da daɗin ji idan mutum ake nufi, kuma rashin daɗin nata shi ne amfaninta, domin ba ta ɓoye abin da ake yi.

Masu ganin Ujiri ya yi butulci suna da hujja mai nauyi. DeRozan yana cikin 'yan wasa biyu da ke tsayawa daga waje, ɗaya yana rarraba ƙwallo, ɗaya yana kai hari. Kyle Lowry ne mai rarrabawa, shi kuma mai cin maki. Toronto ce ta zaɓe shi a 2009, ya yi mata kaka tara, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar sau huɗu, kuma babu wanda ya kai shi tara mata maki. Abin da ya fi wannan shi ne tarihin garin. Tracy McGrady ya tafi a 2000, Vince Carter ya nemi a sallame shi aka yi haka a 2004, Chris Bosh ya tafi a 2010. Toronto gari ne mai sanyi a wata ƙasa, taurarin Amurka ba sa son zama. DeRozan kuwa ɗan Compton ne, a gefen Los Angeles, amma da kwantiraginsa ya ƙare a 2016 bai ko zauna da wata ƙungiya ba, ya sake sa hannu na shekara biyar. Shi kaɗai ya ce ya zauna, shi kuma aka ce ya tafi.

Duk da haka, ga abin da ke gaban Ujiri a wannan damina. Kaka uku a jere ƙungiyar Cleveland ta LeBron James tana fitar da Toronto a zagayen neman kofi: da ci 4 da 2 a 2016, da 4 da nema a 2017, da 4 da nema kuma a 2018. Ta ƙarshen ta fi ciwo, domin a kakar ne Toronto ta ci wasa 59, abin da ba ta taɓa yi ba. A wasa na uku na wannan karawa koci Dwane Casey ya ajiye DeRozan a benci har aka tashi daga zangon ƙarshe, a na huɗu kuma alƙalin wasa ya kore shi. Raunin nasa sananne ne: ba gwanin jifa daga nesa ba ne a zamanin da wasan ya koma hannun masu jifan maki uku, kuma ba shi da ƙarfi a tsaro. Yana gab da cika shekara 29, wato an riga an ga iyakar abin da zai iya. Leonard kuwa, mai shekara 27, shi ne gwarzon wasannin ƙarshe na 2014, kuma sau biyu ana zaɓarsa gwarzon mai tsaro. Irin wannan ɗan wasa ba ya shiga kasuwa sai da aibu, aibunsa kuwa biyu ne: wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kowa ya san hankalinsa na Los Angeles.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo wa Ujiri ita ce LeBron ya riga ya koma Lakers tun farkon watan Yuli, ya bar shiyyar gabas. Dutsen da ake ta karo da shi ya gusa da kansa, me ya hana a yi haƙuri shekara ɗaya? Amsar ita ce Boston da Philadelphia da Milwaukee duk suna tasowa da matasa, sannan Golden State tana jira a ƙarshen hanya. Mafi muhimmanci, Ujiri ya tsara cinikin ta yadda ko wane gefe ya faɗi ba zai karye ba. In Leonard ya warke, an sami damar kofi. In ya tafi bayan shekara, ƙungiya ta sauke nauyin albashin DeRozan na sauran shekaru, ta buɗe wa matasa irin su Pascal Siakam ɗan Kamaru fili. Leonard ɗin ya tafi Clippers a Yulin 2019, amma a kaka mai zuwa Toronto ta ci wasa 53 cikin 72, ta zo ta biyu a shiyyarta.

Me ya sa na ce kofin ba hujja ba ne? Duk wanda ya san noman shinkafa a Auyo ko Guri ko Kirikasamma ya san cewa manoma biyu za su iya shuka iri ɗaya a mako ɗaya, ambaliya irin ta 2020 ko 2022 ta share gonar ɗaya ta bar ta ɗaya, saboda kacalla ta toshe wata mashigar ruwa ta karkatar da shi. Ba a cewa wanda ya girbe ya fi wayo. Ana auna manomi ne da abin da ya sani ranar shuka. Kofin Toronto ma ruwa ya taimake shi. A wasa na bakwai da Philadelphia, ranar 12 ga Mayu, 2019, ƙwallon da Leonard ya jefa a daƙiƙar ƙarshe sai da ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa. A wasannin ƙarshe Kevin Durant ya tsinke jijiyar agara, Klay Thompson ya ji rauni a gwiwa. Da ƙwallon nan ta fita waje aka sha kashi a ƙarin lokaci, da yau ana zagin Ujiri, alhali hukuncinsa bai canza ba. Akasin wannan shi ne abin da Dallas ta yi a Fabrairun 2025, da ta ba da Luka Dončić mai shekara 25, wanda ya kai ta wasannin ƙarshe wata takwas kafin nan, ta karɓi Anthony Davis da ya girme shi da kusan shekara shida. Wannan ko da an ci kofi bayansa, ganganci ne tun ranar da aka yi shi.

Inda Ujiri ya gaza shi ne magana. DeRozan ya bayyana cewa kwanaki kaɗan kafin cinikin an ba shi tabbacin ba za a rabu da shi ba, Ujiri kuma ya fito gaban 'yan jarida ya nemi afuwa, yana mai danganta abin da rashin fahimtar juna. Manazartan Hausa sun san siffofin da Kirk-Greene ya tattaro a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, waɗanda gaskiya da amana da mutunci ke cikinsu. Abin lura shi ne amana ba ta tilasta wa shugaba riƙe ma'aikaci har abada. Ko a dambe, inda yaro ke ɗaukar sunan ubangidansa a kira shi shagon wane, ana rabuwa. Abin da amana ta hana shi ne ka ce wa mutum ya kwanta da ido biyu rufe alhali kana cinikinsa. Za a ce sirrin ciniki ne ya tilasta haka, domin in zance ya fita farashi ya lalace. Gaskiya ne, amma tsakanin tona sirri da ba da tabbacin ƙarya akwai shiru, kuma Bahaushe ya san shiru ma magana ce. Da an ce masa babu wanda aka yi wa alkawari a wannan shekara, da ya ji zafin tafiyar, amma ba zai ji an yaudare shi ba. Ƙungiyar da taurari suka saba gudu ita ce ta fi kowa buƙatar a san maganar shugabanta ɗaya ce.

Ranar 22 ga Fabrairu, 2019, DeRozan ya dawo Toronto sanye da rigar San Antonio. 'Yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa masa na tsawon lokaci. Saura daƙiƙoƙi a tashi, ƙungiyarsa tana gaba da maki ɗaya, ƙwallo na hannunsa, ya yi tuntuɓe a tsakiyar fili, Leonard ya ƙwace ya zura ta a kwando. Toronto ta ci 120 da 117.