Kada Mu Raina Keke

A watan Nuwamba da ya wuce, bayan an gama yankan acca, mu huɗu muka ɗaure jakunkuna a kariya, muka hau kekuna daga Bukuru zuwa Langtang. Dukanmu malaman gona ne, biyu kuwa tun a kwalejin horon malamai muke tare. Motar haya takan yi wannan tafiya cikin rabin yini. Mu kwana huɗu muka yi. Da muka dawo aka yi ta mana ba'a, wai ko talauci ne ya kai mu. To, ga amsarmu.

Mun bi ta Barkin Ladi, inda kududdufan da masu haƙar kuza suka bari ke cike da ruwa. Sau nawa muka wuce su a mota ba mu tsaya ba. Wannan karo ƙishi ya tsai da mu, sai muka iske wani manomi yana ban ruwan kabeji da tumatir daga kududdufi. Muka zauna da shi wajen sa'a guda. Ya nuna mana tsutsar da ke cin kabejinsa, ya ɗauko kwalbar maganin da yake fesawa, ashe ninki biyu yake zubawa domin bai iya karanta rubutun jikinta ba. Muka auna masa da murfin kwalbar. Ya ce shekara da shekaru malamin gona bai taka gonarsa ba. Kunya ta kama mu, gama aikinmu ke nan.

Abin da ya sa ba a zuwa, kowa ya sani. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da gwamnati ta cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Baburan aiki suka koma jingine a bango. In an tambaye mu, sai mu ce ba mai. Gaskiya ne ba mai. Amma waɗanda suka riƙe wannan aiki kafin mu, a kan Raleigh suka zaga ƙauyukan nan duka, ba su kuwa taɓa kawo hujjar mai ba. Mu ne muka ɗauki keke abin kunya, kamar wanda ya yi makaranta bai isa a gan shi yana taka feda ba. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kira a koma hawan keke, har shi kansa ya hau a Abuja. Dariya aka yi masa. Da abin ya zo da hatsari, mota ta ture shi, dariyar ta ƙaru.

Ba mu ce keke ba shi da wahala ba. Hawan Pankshin tura kekunan muka yi da ƙafa, gangaren Kabwir kuwa wanda birkinsa ba shi da kyau kada ya gwada. Ba mu yarda rana ta faɗi muna kan hanya ba, musamman a ƙasar Mangu, inda rikicin 2023 ya ci rayuka da yawa, ya tashi ƙauyuka. Mai naƙuda ko wanda maciji ya sara, mota yake bukata, ba keke ba. Maganarmu a kan ziyarar yau da kullum ce, ƙauyen da bai wuce kilomita 15 ba, wanda mutum zai je da safe ya dawo kafin la'asar ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. Bayan Panyam sarƙar ɗayanmu ta tsinke. Muka tura keken ƙauye biyu ba mu sami mai gyara ba, duk sun koma gyaran babur. A na uku aka nuna mana wani dattijo, ya haɗa mana ita da ƙusa da guduma. Muka tambaye shi, "Baba, yara nawa kake koya wa?" Ya ce ko ɗaya. Alhali a kan wannan hanya mun yi ta gamuwa da manoma da suka ɗora buhun masara a kariya, da 'yan makaranta, da mata masu ɗauko ruwa da jarkoki. Keken talaka yana nan yana aiki, masu gyaransa ne ke ƙarewa. Ran da dattijon nan ya kasa, wa zai yi wa waɗannan mutane faci?

Saboda haka muna roƙon kwamitocin raya karkara abu biyu. Duk malamin gona a ba shi keke da famfo da kayan faci, ko da a riƙa cire kuɗin kaɗan kaɗan daga albashinsa. Sa'an nan in za a tura samari koyon sana'a, a sa gyaran keke tare da kafinta da ɗinki, a nemi irin wannan dattijo a biya shi ya koyar. Mu huɗu dai mun riga mun raba ƙauyukanmu, kowa ranar Talata da Alhamis a keke zai fita. Mai kabejin nan na Barkin Ladi mun yi masa alkawarin komawa kafin ya dasa na gaba.